Alamomi huɗu na Ikilisiya ta gaskiya a koyarwar Katolika: tambaya da amsoshi

Mai Neman Sani:
Salama gare ku, 'yan'uwa. A shaidar bangaskiyar da muke furtawa a Misa kowace Lahadi, muna cewa mun gaskata da Ikilisiya ɗaya, mai tsarki, ta katolika (wato ta dukan duniya), kuma ta manzanni, an kuma koya mana cewa waɗannan huɗu su ne alamomin da ake gane Ikilisiya ta gaskiya da su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, 'yan Anglikan da Lutaran da Otodoks ma suna furta waɗannan kalmomi a sujadarsu. To, abin da kowa yake cewa nasa ne, ta yaya zai zama alamar rarrabewa? Sa'an nan, da wane baki za mu ce Ikilisiya mai tsarki ce alhali laifofin wasu shugabanninta ba ɓoyayyu ba ne?

Malamin Katikisma:
Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya. Kalmomin nan huɗu sun shiga shaidar bangaskiya ne a Majalisar Kustantiniya ta shekarar 381, wani babban taron bishop-bishop, wadda ta faɗaɗa abin da aka tsayar a Nikiya a 325, wato tun kafin rabuwar Ikilisiyar Gabas (Otodoks) da ta Yamma (Katolika) ta 1054 da kuma zamanin Martin Luta, wanda 'yan Lutaran suke bi, shi ya sa kowane ɓangare ya gaje su. Saboda haka gardamar ba a kan kalmomin take ba, a kan inda ake ganinsu a fili take.

Katolika tana cewa dole alama ta zama abin da ido zai iya gani. Ɗayantaka a wurinta ita ce bangaskiya ɗaya, sakramenti iri ɗaya, da zumunci da magajin Bitrus, wato Paparoma. Amma inda maganar ta fi nauyi shi ne gādon manzanni: bishop ba ya naɗa kansa, wasu bishop-bishop ne suke ɗora masa hannu, su ma wasu ne suka ɗora musu, haka zaren yake tafiya har ya kai ga manzanni. Wajen shekarar 180, da wasu malamai suka yi iƙirarin cewa suna da koyarwar asiri daga Yesu, Ireniyus, bishop na Liyon, bai tsaya ga ja-in-ja da su kan asirin kaɗai ba, ya kuma jera musu sunayen bishop-bishop na Roma, daga Linus da Anakletus da Kilement har zuwa zamaninsa, domin kowa ya bincika da kansa ko an taɓa koyar da wannan abu a can.

Ɗan Lutaran:
Malam, ka yi haƙuri in sa baki. Ɗora hannu kaɗai ba ya tabbatar da cewa koyarwa ba ta karkace ba, domin Ariyus wanda aka la'anci koyarwarsa a Nikiya shi ma naɗaɗɗen firist ne, kuma bishop-bishop da yawa sun bi shi. Shi ya sa Shaidar Ogsbog ta 1530, wadda ta bayyana bangaskiyarmu ta Lutaran, ta ce ana gane Ikilisiya inda ake wa'azin Bishara tsantsa, ake kuma ba da sakramenti yadda ya kamata.

Malamin Katikisma:
Gaskiya ne cewa naɗaɗɗe yana iya ɓata, kuma Katolika ba ta musun haka. Amma ka lura cewa taron bishop-bishop ne ya yanke hukunci a kan Ariyus. Idan mutum biyu suka saɓa a kan mene ne Bishara tsantsa, kowannensu riƙe da Littafi Mai Tsarki, wa zai raba gardamar? A nan ne muke ganin ma'aunin 1530 ya bar giɓi. Duk da haka, Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana a 1964 cewa Ikilisiyar Kristi tana nan tabbatacciya a cikin Ikilisiyar Katolika, amma akwai abubuwa da yawa na tsarkakewa da na gaskiya a wajen iyakokinta, kuma tana amincewa da gādon manzanni da sakramentin Otodoks.

'Yar'uwa Cikin Kristi:
Ni kuwa batun tsarki zan taɓa, tun da an wuce shi. Wannan tambaya ta taɓa raba Ikilisiya a Arewacin Afirka bayan tsanantawar da Sarkin Roma Diyokletiyan ya fara a 303, lokacin da wasu limamai suka miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don tsira da ransu. Mabiya wani bishop mai suna Donatus suka ce duk sakramentin da ya fito daga hannun irin waɗannan ba shi da inganci, har suka riƙa sake yi wa mutane baftisma. Agustin, bishop na Hippo, ya amsa musu cewa Kristi ne yake yin baftisma ta hannun mai hidima, ko da hannun ba shi da tsabta, ya kuma tuna musu da misalin alkama da ciyawa a Matiyu sura 13, inda mai gona ya hana a tumɓuke ciyawar kafin lokacin girbi. Wannan ba hujja ba ce ta rufa wa mai laifi asiri, domin Majalisar Batikan ta Biyu da Malam ya ambata ta ce Ikilisiya mai tsarki ce, kuma kullum tana bukatar tsarkakewa.

Mai Neman Sani:
Na gode muku ƙwarai. Malam, idan har an amince da gādon manzanni na Otodoks, ke nan zumunci da Paparoma ne kaɗai ya rage tsakaninmu da su, ko akwai wani abu dabam?