Damben gwaji da cikakken ƙarfi: yana gina ɗan dambe ne ko yana cinye shi?

Habibu: Jama'a, ga wata magana ina so mu baje ta. A ganina duk ɗan damben da ba ya shan naushi na gaske a wurin atisaye ba zai iya tsayawa ranar gasa ba. Gwajin taɓa-ni-in-taɓa-ka yana koya wa yaro mummunar ɗabi'a: ya riƙa sauke hannu, ya tsaya cak a gaban naushi don ya san ba zafi. Ku dubi gidan horon Kronk na Emanuel Steward a Amurka, inda zakaran boksin Thomas Hearns ya fito. Da zafin gwajinsu aka san su. Ni na ce sau uku a mako, da ƙarfi.

Koci Bala: Habibu ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, amma sau ukun nan shi ne matsalar. Ƙwauri da dantse da ciki suna sabawa da duka. Ƙwaƙwalwa ba ta sabawa. Duk naushin da ya juya kai yana girgiza ta a cikin ƙoƙo, kuma ɓarnar taruwa take yi. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana yadda tsofaffin 'yan dambe ke tangaɗi, maganarsu na sarƙewa. Yi lissafi da kanka: gasar 'yan koyo turmi 3 ce, minti 3 kowanne. Kai kuma kana son turmi 6 sau uku a mako, wato 18. A mako 8 na shiri turmi 144 ke nan na shan duka, don a je a yi 3.

Habibu: Ai da hular kariya da safar dambe mai nauyin oza 16 ake yi, Koci.

Zainab: Yaya Habibu, hular tana rage tsagewar gira da kumburin kunne, ba ta hana kai juyawa. Tana ma rage ganin gefe, ta ƙara wa kai faɗi a matsayin abin hari. A 2013 hukumar damben 'yan koyo ta duniya ta cire ta ga manyan maza, haka suka yi gasar Olamfik ta Rio a 2016 kai a buɗe. Ita kuma babbar safa, hannun mai naushi ta fi karewa, shi ya sa yake sakin jiki ya zuba da ƙarfi. Akwai kuma wani tarkon ga masu MMA, wato faɗan da ke haɗa dambe da kokawa da shuri: wanda ya saba ɓuya a bayan safa oza 16, ranar da aka sa masa ta oza 4 zai ga naushi na ratsowa ta tsakanin hannayensa.

Malam Isiyaku: Kada dai a yi wa Habibu taron dangi. Akwai abin da gwaji mai laushi ba ya bayarwa. Idan naushi mai nauyi ya taho, wanda bai saba ba sai ya runtse ido, ya riƙe numfashi, kafaɗu su ƙame. Riƙe numfashin nan ne ke ƙarar da mutum a turmin farko ko da yana gudun kilomita 10 ba haki. Tazara ma canzawa take: mai kawo naushi da niyya yana shigowa da sauri da zurfi fiye da mai wasa. Dole ɗan dambe ya ɗanɗana wannan kafin ranar. Inda na rabu da Habibu shi ne yawansa.

Koci Bala: Madalla, Malam. Ga yadda ya kamata a raba shi. Mafi yawan turmi a yi su da saurin gaske amma ƙarfi bai wuce rabi ba, kuma kowane turmi da sharaɗinsa. Wani turmin hannun gaba kaɗai. Wani ɗaya na jingine da igiya, aikinsa ya fita ta gefe cikin daƙiƙa 3. Wani ɗaya ke kai hari, ɗayan sai karewa da ramuwa ɗaya tak. Wani kuma jiki da ƙarfi, kai da laushi, wanda ke ba da zafin da Malam ke magana a kai ba tare da an taɓa ƙwaƙwalwa sosai ba. Gwaji mai zafi sau ɗaya a mako ya isa, a makonni 5 ko 6 na tsakiyar shiri, da abokin da nauyinku ya yi kusa, koci na tsaye a kai. A tsayar da shi kwana 10 zuwa 14 kafin gasa. George Foreman a wurin gwaji aka tsaga masa gira a Kinshasa a 1974, sai da aka ɗage karawarsa da Muhammad Ali daga Satumba zuwa 30 ga Oktoba.

Habibu: To juriya fa? Ba abin da ke buɗe ƙirji kamar gwaji mai zafi.

Zainab: Nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Juriya ana gina ta ba tare da kai ya biya ba. Ruwan naushi da dukkan ƙarfi daƙiƙa 10 ko makamancin haka yake ɗauka, sai ma'ajin gaggawa na tsoka ya yi ƙasa. Abin da ke sake cika shi tsakanin hari da hari, da kuma a hutun minti 1, shi ne ƙarfin zuciya da huhu. Don haka a yi gudu mai sauƙi ko keke na minti 30 zuwa 45, sau 2 ko 3 a mako, bugun zuciya tsakanin 130 da 150, yadda za ka iya magana kana yi. A ɗora gajeren aiki mai tsanani a kan buhun naushi sau 2 a mako: daƙiƙa 15 ba sassauci, 45 ana zagaye da taku, a maimaita har tsawon turmin gasarka, minti 3 ga ɗan boksin, 5 ga ɗan MMA. A auna bugun zuciya a ƙarshen turmi da bayan minti 1. Idan saukarsa na ƙaruwa mako bayan mako, aiki na ci.

Malam Isiyaku: Kuma tsarin ranar yana da muhimmanci. Gwaji a farko, bayan ɗumama jiki, aikin gajiya a ƙarshe. Wanda aka fara gajiyarwa kafin a sa shi gwaji, hannunsa ƙasa yake, wuyansa a sake, a lokacin ne naushi ke yin ɓarna. Haka wanda ke matse ruwa don rage nauyi, kada ya kusanci gwaji mai zafi.

Habibu: Na yarda da batun juriya. Amma har yanzu ina ganin zakarun da suka yi suna, da wuta aka gasa su.

Koci Bala: Wasu, i. Waɗanda gidajen suka lalata tun kafin su kai ko'ina ba a ambaton su. Ga kuma ɗaya ɓangaren: 'yan Muay Thai, damben gargajiya na Tailan, gwajinsu kamar wasa ne, saboda suna hawa gasa akai-akai. Ɗan MMA Max Holloway ya ce bai yi gwaji ba kafin karawarsa da Calvin Kattar a Janairun 2021, ya kuma sauke manyan duka 445, abin da ya kafa tarihi a UFC, babbar gasar MMA.

Malam Isiyaku: Holloway ya riga ya tara shekaru yana shan zafin, Koci. Kada yaro mai gasa biyu ya ɗauka shi ma zai iya. Sabon shiga ya fi tsohon hannu buƙatar gwaji mai zafi, sai dai bayan ya iya karewa, ba a watan farko ba.

Zainab: Kowane ɓangare mutum ya bi, wanda ya ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ya ga dishi-dishi bayan naushi, ya cire safa nan take. Ba ya komawa ranar, kuma ba ya sake gwaji sai likita ya duba shi. Wanda aka sumar kuwa, aƙalla kwana 30 ba gwaji, kamar yadda dokar gasa ta tanada.

Habibu: Wannan ba jayayya. Amma Koci, sau ɗaya a mako ga mai shirin turmi 12 ya yi kaɗan. Ni zan ce biyu, ɗaya daga ciki jiki kawai.

Koci Bala: In ɗayan jiki ne kawai, kuma da kwana 3 a tsakaninsu, ba zan hana ba.