Muhawara: lambar kafasita kaɗai ta isa a taransimita?

Sabon shiga: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙaramar taransimita, wato na'urar watsa magana ta rediyo, mai wat 5 a zangon megahaz 7. Zanen ya ce a sa kafasita, wato 'yar abar da ke riƙe wuta, mai 100pF (ma'aunin girmanta) a osileta, sashen da ke tsai da zangon da ake watsawa. Ina da su birjik waɗanda na ciro daga tsoffin rediyoyi. Ko wacce na ɗauka za ta yi?

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Sa abinka, ƙanena. Kafasita kafasita ce. In dai ka ga 101 a jikinta, 100pF ce, magana ta ƙare. Haka muke canza su kullum, rediyo ya kama ya yi ta magana.

Ɗalibar injiniya: Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Lambar tana faɗin nawa kafasitar take a lokacin da aka auna ta ne, ba ta faɗin yadda za ta koma in ta ɗumama. Kafasitar tangaran ma iri-iri ce. NP0, wadda ake kira C0G, motsinta bai wuce kashi 30 cikin miliyan ba a kowane digiri. X7R kuwa an yarda ta kauce da kashi 15 cikin 100 tsakanin sanyi da zafin da aka yi ta dominsa. Y5V tana iya zubar da kashi 82 cikin 100.

Mai gyara: Wannan na takarda ne. Wa zai kai ta wannan zafin?

Ɗalibar injiniya: Ba sai an kai ba. In kafasitar osileta ta motsa da kashi 1 cikin 100 kacal, zango zai motsa da rabin haka. A megahaz 7, kilohaz 35 ke nan. Wanda kake magana da shi ya ɓace maka, kai kuma ka faɗa kan wasu, ko ma ka fita daga inda lasisinka ya ba ka dama. Da NP0, ko zafi ya ƙaru da digiri 10, kaucewar da za ta jawo ba ta wuce wajen kilohaz 1 ba.

Tsohon hannu: Yarinyar nan ta yi gaskiya, amma kada a zalunci malam. A aikinsa, yawancin kafasitocin da yake canzawa na tace wuta ne ko na miƙa sauti. A can X7R mai lamba 104 ta wadatar, kuma a taransimita ma ita zan sa a layin wuta. Inda na saɓa da shi wurare biyu ne: osileta, da matatar ƙarshe kafin eriya, mai tare zangunan da ba a so. Ni a waɗannan ba na sa komai sai kafasitar mika mai azurfa, wadda aka yi da ma'adinin mika.

Ɗalibar injiniya: Baba, a nan kuma sai in ce an wuce gona da iri. A wat 5 kan eriya mai om 50, ƙololuwar wutar kusan bolt 22 ce. NP0 mai ɗaukar bolt 100 za ta yi aikin lafiya lau.

Tsohon hannu: A wat 5 na yarda, 'yata. Amma wa ya taɓa tsayawa a wat 5? Ranar da ya kai wat 100, ƙololuwar ta zama bolt 100, in eriya ba ta daidaita ba tana iya kusan ninkawa. Kuma ba bolt kaɗai ba ne. Wutar da ke kai da komo tsakanin koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, da kafasita tana da yawa, kafasitar da ke da asara sai ta sha ta ta yi zafi, zafin ya sauya ta, matatar ta daina tare megahaz 14 da 21 da taransimitar take fitarwa ba da niyya ba. Kai kana jin muryarka tsaf, maƙwabtan zango suna shan wahala.

Mai gyara: To ai ƙananan irin 100pF galibi masu kyau ne, ko ba a rubuta ba.

Tsohon hannu: Galibi, ba duka ba. Duba saman kafasitar: a tsoffin masu siffar faifai, baƙin fenti a sama alamar NP0 ce, shunayya kuma N750. Ita N750 da gangan take raguwa da zafi, ana haɗa 'yar kaɗan don ta rama ƙaruwar koyil.

Sabon shiga: In babu alamar fa?

Ɗalibar injiniya: Ɗora ta a mitar auna kafasita, ka kusanto da bakin ƙarfen soda ba tare da ka taɓa ta ba. In lambar da mitar ke nunawa ta fara gudu, ajiye ta don layin wuta. Ka kuma gajarta ƙafafunta, don kowace milimita ɗaya ta waya tana ƙara kusan nanohenri ɗaya, wato tana aiki kamar ɗan koyil. Gwaji kuma a kan rizisto mai om 50 za ka yi, ba a eriya ba.

Mai gyara: Na osileta na karɓa. Na matata a wat 5, har yanzu ina ganin ta tsohon rediyo za ta ɗauka.

Tsohon hannu: Gwada. Riƙe makullin watsawa minti ɗaya, ka kashe wuta, ka ɗora yatsa a kanta, sannan ka dawo mana da labarin ko ta ɗumama.