Sensar zafin ruwa ce ta mutu, ko in duba wani wuri?

Direba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata ta fara shan mai fiye da kima, tana baƙin hayaƙi, fanka kuma tana tashi tun injin bai ɗau zafi ba. Da aka sa mata sikana, na'urar karanta matsalar mota, ta nuna lambar matsala P0118. Bakanike ya ce a canja sensar zafin ruwa. In saya, ko da abin da zan fara dubawa?

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam. Dakata da saye tukuna. P0118 ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi layin wutar sensar a buɗe yake, wato ya yanke a wani wuri. Kwamfutar mota tana aika wa sensar volt 5. In waya ta tsinke ko soket ya yi tsatsa, sai kwamfutar ta ɗauka ruwan yana digiri 40 ƙasa da sifili, ta yi ta ɗura mai kamar ana tsananin sanyi, ta kunna fanka don kare injin. Zare soket, murɗa makulli kada ka tayar, ka auna da mita. Babu volt 5, to matsalar waya ce, ko sensa goma ka saya ba za ta gyaru ba.

Baban Yara: Gaskit ne ya ƙone, Malam, a buɗe kan injin kawai.

Mai Wayarin: Haba Alhaji, mutum ya ce baƙin hayaƙi. Na gaskit fari ne, kuma ruwa zai riƙa raguwa.

Tsohon Bakanike: Gwaji mafi sauƙi: bar motar ta kwana, da safe kafin ka tayar ka kwatanta zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga injin a sikana. Ya kamata su zo kusan ɗaya. Sannan ka auna juriyar lantarkin sensar kanta da mita: a digiri 20 wajen ohm 2,500, in injin ya yi zafi ta sauko kusan 300. Tsoma bakinta a ruwan da ake dafawa, lambar ta riƙa sauka a hankali. In tana tsalle, ta lalace.

Ɗan Gareji: Baba, 2,500 ba na kowace mota ba ne. Ta motocin kamfanin General Motors tana ba da kusan 3,500 a wannan zafin. A duba littafin motar.

Tsohon Bakanike: Yaro, na ce "wajen". Kuma ku kula, wasu motocin sensa biyu gare su: mai waya ɗaya ta allurar dashbod ce, mai waya biyu ta kwamfuta. Da yawa ta allura suke canjawa.

Baban Yara: Fankar dai ta fi mai motar tsoron zafi.

Ɗan Gareji: Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne cire tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya ɗau zafi. A cire shi a jefar, wai don kada mota ta yi zafi. Injin ba zai kai digiri 85 zuwa 90 da yake buƙata ba, mai zai yi ta tafiya, fulogi ya yi baƙi, lambar P0128 ta rashin ɗaukar zafi ta fito, a ɗora wa sensa laifi. Sannan a cika lagireto da ruwa zalla, tsatsa ta lulluɓe bakin sensar. Kuma don Allah kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Bayan canja sensa a fitar da iskar da ta shiga, in ba haka ba karatun ƙarya za ta bayar.

Direba: Na gode ƙwarai. To ta yaya zan gane ko tawa ma an cire mata tamostat ɗin?