Zan fara IFR wata mai zuwa, da me zan fara?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum manyanmu. Alhamdulillah na karɓi PPL, wato lasisin tuƙa jirgin sama na kashin kai, wata mai zuwa zan fara IFR, wato horon tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba tare da kallon waje ba. Don Allah wane littafi ya kamata in fara karantawa kafin ranar farko, sannan simuleta ta gida tana da amfani ko ɓata lokaci ce? Ina da manhajar simuleta ta X-Plane a laftof.

Mai Fuka-fuki: Wa alaikumus salam, barka da arziki. Instrument Flying Handbook na FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, kyauta ne a shafinsu, sauke shi yau ɗin nan. In ka gama sai ka ɗora da Instrument Procedures Handbook.

Ƴar Gajimare: Ku tambaye shi tukuna jarrabawar wane tsari zai rubuta, kar ku ɗora masa FAA ya je ya sha ƙasa.

Sabon Shiga: Tsarin ICAO ne Yaya, hukumar jiragen sama ta duniya.

Ƴar Gajimare: To ka gani. Littafin farkon ba laifi, allura da kunnen ɗan Adam ko'ina iri ɗaya ne. Amma da ka zo kan dokoki ka yi hattara. Misali rediyo ta mutu maka cikin gajimare, kowa lambar 7600 zai sa a transfonda, na'urar da ke nuna jirgi a rada, amma abin da zai biyo baya ya bambanta, a ICAO akwai maganar riƙe tsayi da gudun da aka ba ka na ƙarshe na minti 7 in akwai rada, minti 20 in babu, a littafin Amurka ba za ka ga wannan ba sam. Su kuma a ƙafa 18,000 suke juya altimita, agogon tsayi, zuwa ma'aunin matsin iska na bai-ɗaya 29.92, kai kuwa sai ka duba taswirar filin da kake ka ga a wane tsayi za ka koma daidai da shi, wato 1013. Ka nemi littattafan ICAO Annex 2 da Doc 8168, sannan AIP, kundin bayanan sararin sama na ƙasar da za ta ba ka lasisi.

Mai Fuka-fuki: Doc 8168 ga ɗan farko? Haba Hajiya, so kike ya yi barci a shafi na uku.

Ƴar Gajimare: Ya yi barcin ya farka ya ci gaba.

Allura Biyu: Ƙanina bari in ba ka labarina kan maganar simuleta, don ni ta cuce ni kafin ta amfane ni, kuma laifina ne ba nata ba. Na shafe wata da watanni ina tuƙa ta a ɗaki kafin in fara, har nake ganin na fi ƙarfin kwas ɗin, ILS kuwa, wato sauka da siginar da ke jagorantar jirgi har titin sauka, ina sauke shi allura a tsakiya cak kamar an manna. Instiraktana na farko ma bai taimaka ba, shi kullum sai sama ta yi tas yake fita da ni, ya ɗora min hular nan da take rufe maka waje, mu yi awa ɗaya mu dawo ya ce madalla. Abin da ban sani ba shi ne ashe satar amsa nake yi ba da niyya ba. Rana tana shigowa ta gilashi, inuwa tana kwanciya a kan allon agoguna da cinyata, da jirgi ya ɗan karkata inuwar sai ta motsa, idona ya gani ta gefe, hannuna ya gyara, ni kuma in ɗauka ƙwarewata ce. Ranar da aka canza min instirakta muka shiga gajimare na gaske, komai ya koma fari fat kamar an zuba mu cikin madara, babu inuwa babu komai. Kwantirola ya ba mu doguwar juyawa ta dama, na yi ta lafiya lau, ina daidaita fukafukai sai duk jikina ya ce min wallahi hagu muke faɗawa. Agogon yana nuna daidai muke, ina kallonsa da idona, amma na ƙaryata shi, na fara mayar da jirgi dama a hankali har karkatar ta kusa digiri 30, hanci ya sunkuya, gudu yana ƙaruwa, allurar altimita tana komawa baya, ni kuma abin da hannuna yake so shi ne ya ja sitiyari, wanda a irin wannan hali ƙara matse juyawar yake yi. Mutumin nan bai ɗaga murya ba, ya bar ni muka zubar da kusan ƙafa 400 sannan ya ce na karɓa. Ya daidaita fukafukai tukuna, sannan ya ɗago hanci. Minti goma bayan nan kaina yana jingine da gilashin ƙofa don har lokacin ji nake a karkace muke, rigata ta jiƙe sharkaf. Da muka sauka ya zana min kunne a takarda, ya ce ruwan da ke cikin bututun kunne in juyawa ta daɗe kamar daƙiƙa 20 sai ya lafa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an daina juyawa, in ka daidaita kuma sai ta ce ka juya ɗaya ɓangaren. Kujerar ɗakinka ba ta motsi, ba za ta taɓa koya maka wannan ba. Don haka ka yi simuleta don koyon jerin aiki, karanta taswirar sauka, juya OBS wato maɓallin zaɓen hanya, shiga holdin wato zagayen jira a sama, amma ka roƙi instiraktanka ya shiga da kai gajimare na gaske ko sau biyu ne kafin jarrabawa.

Sabon Shiga: Innalillahi. Yaya ka sa cikina ya ɗuri ruwa.

Mai Fuka-fuki: Hhhh satar amsa da inuwa. Ni ta ƙasan hular nake leƙe, da sanina kuma, Allah ya yafe mana.

Baba Kyaftin: Abin da yaron nan ya faɗa gaskiya ne. A 1954 Jami'ar Ilinoyi ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da agogo, aka rufe musu waje, dukkansu jirgi ya ƙwace musu, matsakaicin lokacin daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba. Ɗan tsohon shugaban Amurka Kennedy ma abin da ya ci shi ke nan a Yulin 1999, da dare a kan teku cikin hazo, jirgin lafiyarsa ƙalau.

Injiniya: Ranka ya daɗe amma fa ku daina cewa a yarda da agogo kawai kamar shi ba ya ƙarya. A jiragen da ke da famfon bakyum, in famfon ya mutu agogon da ke nuna zaman jirgi ba tsayawa yake lokaci ɗaya ba, a hankali yake kwanciya gefe kana binsa kana jin daɗi, shi da na hedin, mai nuna inda hanci ya fuskanta, tare suke tafiya. Mai nuna juyawa yawanci da lantarki yake aiki, shi da kamfas da altimita za su tona asirin. In bututun fitot da ke kai wa agogon gudu iska ya toshe gaba ɗaya kuma, agogon gudu sai ya koma kamar altimita, kana hawa yana ƙaruwa.

Baba Kyaftin: Ban ce agogo ɗaya ba Injiniya. Ido ya yi ta zagaye, kowane agogo ya ba da shaida kan ɗan'uwansa.

Ɗan G1000: Duk wannan wahalar ta masu tsofaffin agoguna ce. Ka nemi jirgi mai allon kwamfuta irin G1000 ka huta, har hanyar shiga holdin zai zana maka.

Ƴar Gajimare: Ga su nan, ƴan bin layi mai ruwan hoda da kwamfuta ke zanawa a allo. Ranar da mai jarrabawa ya dusashe maka allon sai mu ga ido.

Ɗan G1000: Ai akwai na ko-ta-kwana a gefe Hajiya.

Ƴar Gajimare: Yaushe rabonka da kallonsu?

Baba Kyaftin: Na'ura abin da ka rubuta mata take bi. A Disambar 1995 wani Boeing 757 na American Airlines yana gangarowa Kali a Kolombiya, suna neman tashar siginar Rozo suka danna R, kwamfuta ta ɗauko Romeo da ke kusa da Bogota, jirgi ya juya ya nufi duwatsu da dare. Ƙwararru ne fa ba ɗalibai ba. Shi ya sa har yau in na kunna tashar siginar hanya ta VOR ko ILS sai na saurari Mos ɗinsa, wato ƙarar da ke faɗin sunan tashar, ko da allo ya rubuta min sunan.

Mai Fuka-fuki: Tunda an taɓo holdin, wa yake da dabara mai sauƙi ta gane hanyar shiga? Ni dabarar babban yatsa a kan agogon hedin rikita ni take in juyawar hagu ce.

Allura Biyu: Zana shi a takardar cinyarka kawai, ɗigo, layin shigowa, kibiyar inda ka fito, da ido za ka gani.

Ɗan G1000: Kana tuƙi kana zane? Sai ka wuce tashar kana neman fensir.

Ƴar Gajimare: Hanyoyin shiga uku ne, ya danganta da ɓangaren da ka fito: digiri 180 shiga kai tsaye, 110 faralel, 70 tiyadirof mai kaucewar digiri 30. In ka faɗo kan iyaka akwai sassaucin digiri 5 kowane gefe, zaɓi wanda ya fi maka sauƙi ka daina wahalar da kanka. Miƙewar holdin minti 1 ce har zuwa ƙafa 14,000, sama da nan minti ɗaya da rabi. Gyaran iskar da ka yi a shigowa ka ninka shi uku a fita.

Mai Fuka-fuki: Ninki uku ba ya aiki in iska ta yi ƙarfi, ni biyu nake yi.

Ƴar Gajimare: Shi ya sa holdin ɗinka yake kama da ƙwai da aka taka.

Admin: Jama'a a yi a hankali. Wanda kuma yake turo bidiyon haɗarin jirgi babu bayani ya daina, na goge guda biyu.

Shiru Ka Ji: Ni abu ɗaya zan ƙara. Na faɗi jarrabawata ta farko saboda ƙafa 40 kacal. Gangarowar sauka ta VOR ce, na iso MDA, mafi ƙarancin tsayin da aka yarda ka gangaro, ina ta raba ido ko zan hango titin sauka, jirgi ya ɗan zame ƙasa, mai jarrabawa ya rufe littafinsa kawai. A ILS in ka kai DA, tsayin da ake zaɓar sauka ko fasawa, ka yanke shawarar fasa sauka, jirgi zai iya ɗan nutsawa ƙasa da shi kafin ya ɗago, an yi lissafin wannan. MDA kuwa bene ne, ba a taka ƙasansa sai ka ga titi ko fitilunsa. Yanzu ƙafa 50 nake ƙarawa a kai.

Injiniya: Allah ya kiyaye gaba. A karo na biyu dai an dace?

Shiru Ka Ji: An dace.

Allura Biyu: Lissafin gangaren digiri 3 ma ka haddace shi, gudunka a ƙasa sau 5. Gudun not 90, wato mil na teku 90 a awa, ya ba ka ƙafa 450 a minti, kuma kowane mil kusan ƙafa 300, in kana mil 5 ya kamata ka ga kamar 1,500 sama da titi. In ba haka ka gani ba wani abu ya karkace, ko QNH ɗinka ne, matsin iskar da ka saita a altimita.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai manyanmu, na cika shafi biyu. Amma har yanzu ban gane ba, in fara da littafin FAA ɗin ko in jira na makaranta? Kuma X-Plane ɗin in ci gaba ko in ajiye?

Mai Fuka-fuki: Fara da littafin.

Ƴar Gajimare: Babin agoguna da na kunne kawai, dokoki ka jira naku.

Baba Kyaftin: Kar ka taɓa simuletar sai ka yi darasi uku da instirakta ya nuna maka yadda ake zagaya ido, in ba haka ba mugun hali za ka koya wa kanka. Bayan nan ka shiga VATSIM, dandalin intanet na masu simuleta, ka saba da karɓar izinin kwantirola kana maimaitawa.

Ɗan G1000: Wai Hajiya faralel ne 110 ko tiyadirof? Ni fa a nawa littafin kamar akasin haka na gani.

Ƴar Gajimare: Ɗauko hoton shafin ka turo.