Sabuwar waya ta lalace, kamfanin layi na ta yi min yawo da hankali

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na sayi waya a ofishin kamfanin layina a Kano, da garantin wata 12. Ko sati uku ba ta yi ba ta fara mutuwa da kanta, caji kuma sai na danne igiyar da hannu. Na koma da rasit da kwalinta, na danna *#06# a gabansu, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito kuma ta yi daidai. Suka ce na masu ƙera wayar ne, can kuma aka ce ruwa ya shige ta. Wallahi ko yayyafi bai taɓa ta ba.

Wa ya kamata ya canza min ita? In na kira NCC, wato hukumar kula da harkokin sadarwa ta Najeriya, a 622, suna karɓar ƙorafin waya, ko na layi kawai?