Hanyar kekuna a titin Bloor: ciniki ya ragu ne ko ya ƙaru?

Ɗan Tireda: Assalamu alaikum. Tun da gwamnatin lardin Ontario na ƙasar Kanada ta zartar da doka a Nuwamban 2024 domin cire hanyoyin kekuna daga titunan Bloor, Yonge da University a birnin Toronto, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan kasuwa. Ina shirin kama hayar shago a irin wannan titi, amma ana ta tsoratar da ni cewa duk inda aka rage wurin fakin saboda hanyar kekuna, ciniki mutuwa yake yi. Shin akwai hujja a kan haka?

Malam Na Bakin Titi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An fara gwada hanyar kekuna ta Bloor a 2016, tsakanin titin Shaw da Avenue, tsawon kilomita 2.4, kuma majalisar birnin ta tabbatar da ita a 2017 bayan bincike ya nuna cewa masu shigowa shaguna sun ƙaru, kuɗin da suke kashewa ma bai ragu ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kusan mutum ɗaya ne kawai cikin goma yake zuwa sayayya da mota, alhali da yawa daga masu shagunan da mota suke zuwa aiki, don haka suke ɗauka kowa ma haka yake.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki: Malam, ban musa alƙaluman ba, sai dai ba kowace sana'a suka shafa daidai ba. Mai gidan abinci zai ji daɗi, amma wa zai ɗora katifa ko firji a kan keke? Motar kaya takan zo ta rasa wurin tsayawa, direba ya tare hanyar kekunan yana sauke kwalaye cikin gaggawa, masu keke na kaucewa zuwa tsakiyar motoci, na baya kuma suna ta danna oda.

Malam Na Bakin Titi: Gaskiyarki, Hajiya, amma wannan matsalar wurin sauke kaya ce, kuma ana magance ta da keɓe gurbi a lungun da ke kusa. A Berlin, babban birnin Jamus, ma, binciken 2021 ya gano cewa 'yan kasuwa sun yi zaton kashi 22 cikin 100 na kwastomominsu da mota suke zuwa, ashe kashi 7 ne. Ɗan Tireda, kafin ka biya kuɗin haya, ka tambayi mai ginin ko akwai ƙofar baya da babbar mota za ta iya isa.