Agogon sabobin Ceph ya ƙi zama ɗaya, me kuke amfani da shi?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina kula da rukunin Ceph (manhajar da ke haɗa sabobi su zama ma'ajiyar bayanai guda) mai sabobi biyar, uku daga ciki su ne mon, wato masu sa ido kan rukunin. Ranar Talata wuta ta ɗauke, janareta ya yi nawar tashi, batiran ajiya suka ƙare, komai ya mutu. Tun da suka dawo nake ganin HEALTH_WARN, wai clock skew detected, wato agogon sabobin ya saɓa. Na duba, tazarar ko rabin sakan ba ta kai ba. A kan wannan ɗan abin yake ta ƙorafi?

Injiniya Bashir: Wa alaikumussalam ƙanena. A wurin Ceph rabin sakan babban abu ne, iyakar da yake lamunta tsakanin mon sakan 0.05 ce kacal. Su mon da tsarin Paxos suke cimma matsaya, shugabansu yana ba sauran wa'adi mai ƙarewa. In agogo ya saɓa, wani sai ya ga wa'adin ya ƙare alhali da saura, ya tayar da sabon zaɓe. Me ke riƙe maka agogon?

Nura: systemd-timesyncd ne Oga, yadda na tarar.

Injiniya Bashir: To cire shi ka sa chrony, ita ma manhajar daidaita agogo ce. Shi timesyncd saba ɗaya yake tambaya, abin da aka faɗa masa shi zai ɗauka. Masu tsarin sabobi na Proxmox ma tun sigarsu ta 7 a 2021 suka koma chrony.

Hadiza: Nura, kafin wani ya ba ka shawarar ɗaga mon_clock_drift_allowed, wato iyakar tazarar da Ceph ke lamunta, kada ka yi. Na taɓa yi, gargaɗin ya ɓace, ciwon yana nan. Ni abin da ya warkar da nawa shi ne hana kowace saba zuwa intanet tambayar lokaci ita kaɗai. NTP, ƙa'idar tambayar lokaci ta intanet, yana ɗauka cewa zuwan saƙo da dawowarsa tsawonsu ɗaya, ya raba biyu. A layinmu kuwa zuwa daban, dawowa daban, musamman da yamma in layi ya cika, sai kowace saba ta kwaso nata kuskuren. Ka ware biyu ko uku a cikin gida su riƙa tambayar waje, sauran su bi su. Ka sa musu local stratum 10 orphan a saitin chrony, ko intanet ya yanke za su tsayar da ɗaya su bi. Ceph bai damu ko kun yi daidai da Landan ba, shi dai bakinku ya zo ɗaya.

Malam Isa: Hajiya ta gama magana. Zan ƙara da cewa majiyar waje ta kai huɗu. Da biyu, in sun saɓa ba ka san mai gaskiya ba. Kuma kada ka gauraya time.google.com da pool.ntp.org. Ranar da aka ƙara sakan a agogon duniya, Google yana warwatsa shi cikin awa 24, sauran kuwa lokaci ɗaya suke sakawa. Mu da muka ga ƙarshen Yunin 2012 ba mu manta yadda sabobin Linux suka haukace ba. Rabon da a ƙara tun Disamban 2016, an kuma yanke shawarar dainawa nan da 2035, amma ni dai ban saki jiki ba.

Aminu: Me zai hana PTP, ɗaya hanyar daidaita agogo? Shi ƙasa da milisakan ɗaya yake bayarwa.

Injiniya Bashir: Aminu, sayen doki ne don zuwa masallacin ƙofar gida. Sai katin sadarwa da suwici sun goyi bayansa. Chrony a cikin gida ya wadatar. Mai son ƙari ya haɗa na'urar GPS mai PPS (sigina ɗaya kowane sakan) da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, sai dai eriyar tana son ganin sama.

Hadiza: Af, Nura, duba ƙaramin batirin da ke kan allon cikin saba, CR2032. In ya mutu, saba tana tashi da tsohon kwanan wata. Ka tabbatar akwai makestep 1.0 3 a saitin chrony domin agogo ya yi tsalle a farkon tashi kaɗai, kuma ka kunna chrony-wait kada Ceph ya riga agogo tashi.

Nura: Hajiya kin canka! Batirin saba ta uku ya mutu murus, na canja shi. Na sa chrony, ceph time-sync-status ya lafa, HEALTH_OK ya dawo. Allah ya saka muku da alheri. Oga Bashir, wace na'urar GPS ɗin ka saya?